Igiya Ɗaya a Bakin Ramin Gas

Da na buɗe baki a gaban mazan nan uku na ce kada kowa ya shiga, da sun saurare ni? Na kai wannan tambaya wurin malamai, sun ce kwana ne ya ƙare, kuma na yarda. Amma yarda da ƙaddara daban, amsa daban. Har yau in na zauna ni kaɗai, ita ce ke zama kusa da ni.

Ranar Talata ce, sati uku bayan Sallar Layya, a shekarar da ta gabaci dubu biyu, kuma ko hankalina zai gushe ba na jin wannan ranar za ta gushe tare da shi. Sunana Rabi, mutuniyar Matamai ce ni, ƙasar Damagaram. Ban yi lekkol ba, wato makarantar boko. Jikata Hadiza ce ke riƙe da alƙalami, ni ina faɗa, saboda ku da aka ɗauka aikin ramin gas a bana kun ce in ba ku labarin abin da ya faru a ramin farko. In kun ga magana ta yanke a wani wuri, kuka ne ya ci ƙarfina, na ce mata ta dakata.

Mun zo nan Tamanrasset, can cikin hamada a ƙasar Larabawa, ni da maigidana bayan fari ya cinye mana dabbobi. Shi sana'arsa ginar rijiya da yasar rijiya, gado ne daga kakansa. Ya daɗe yana yi wa masu lambu aiki a bakin kori, wato rafin yashin nan da ba ya kawo ruwa sai an yi sama a kan duwatsu. A shekarun nan itacen girki ya yi wuya, masu tsaron daji suna kama mai sarar itace, butalin gas kuma yakan yanke idan manyan motoci sun makara daga arewa. Sai ƙungiyar masu lambu ta kawo wani injiniya, Si Rabah, ya ce zai fitar musu da wutar girki daga shara. Mutane suka yi dariya. Maigidana bai yi ba, don shi aka ba ginin ramin.

Ga wanda bai taɓa gani ba, ramin kamar ƙatuwar randa ce da aka binne a ƙasa, an gina ta da dutse da siminti, zurfinta gaba biyu da rabi. Bakinta na sama ƙarami ne, mutum ɗaya kawai ke wucewa, kuma da murfin ƙarfe a kai. A gefe ɗaya akwai kwamin zubi, a ɗaya gefen kwamin da taki ke fitowa. Ana yanka ganyen lambu da karan masara ƙanana, a haɗa da ruɓaɓɓen dabino da tumatir da kashin awaki, a kwaɓa da ruwa, bokitin shara ɗaya bokitin ruwa ɗaya, a tura ciki. Can cikin duhu abin yake ruɓewa kamar yadda nono ke tsami a ƙwarya, iskar da yake fitarwa ta taru a sama, ta bi tiyo zuwa madafa. A kunna ashana sai ka ga wuta shuɗiya, babu hayaƙi. Ranar da na fara dafa shayi da ita na ce wannan ai tsafi ne, Si Rabah ya ce a'a, cikin saniya ne aka gina da siminti.

Mu biyar ne a wurin. Si Rabah a sama, shi ke da takardu da na'urori. Ƙarƙashinsa Shef Buzid, mai kula da ma'aikata, mutum mai saurin fushi da saurin hucewa. Sai maigidana, mai kula da rami da tiyo. Sai Agali, Buzu daga wajen Agadas, mai 'ya'ya huɗu, wanda ke kwaso shara daga lambuna da jakinsa. Ni ce ta ƙarshe, mai yanka da kwaɓi, kuma ni ke kwashe taki a kwamin fita.

A wannan kwamin na koyi abin da mazan ba su sani ba. Taki in ya kwanta ba ya wani wari mai tsanani. Amma da ka sa itace ka motsa shi, sai ya huro wani abu kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Wata rana ina motsawa sai kaina ya juya, na zauna daɓas a ƙasa, wata kaza da ke tsattsage a bakin kwamin ta faɗi tana shure-shure. Si Rabah ya zo a guje ya janye ni gefe. Da Larabcinsa da ɗan Hausar da ya tsinta a kasuwa ya ce mini, "Halti Rabi," wato Inna Rabi, "guba tana kwance cikin taɓo, motsi ke tada ta. In kin ji warin ya ɗauke farat ɗaya, ba tafiya ya yi ba, hancinki ne ya mutu. Ki gudu." Na gaya wa maigidana da yamma, ya ce azumin nafila ne ke juya mini kai.

Lokacin Layya sharar lambu ta yi ƙaranci, sai Shef Buzid ya ce mutanen unguwa su kawo abin cikin tumbin raguna da jini a zuba. An kuma riƙa tura ganyen dabino ba a yanka shi sosai ba, don hannuna biyu ne kawai. Zaren ganyen ya sarƙe kamar tabarma, ya toshe bakin tiyon zubi daga can ƙasa. Wuta ta riƙa raguwa har ta mutu. Si Rabah ya ce a buɗe murfi, a janye ruwan da injin ban-ruwa, a bar ramin ya sha iska, kuma kada ƙafar kowa ta taka ciki sai ya kawo na'urar auna iska da injin hura iska. Kwana biyu da faɗin haka aka aiko masa mahaifinsa ya rasu a arewa. Ya tafi, ya ce kwana biyar zai yi. Sai ga saƙo cewa zai ƙara goma.

Abin da ya ɗaga hankalin Shef shi ne, akwai baƙi manya da za su zo ganin wutar, su ne za su yanke ko a gina irin ramin a Silet da wasu wurare ko a rufe namu. Saura kwana ashirin da huɗu su zo. Ramin kuma in an cika shi sabo, sai ya yi kusan sati uku kafin ya ba da wuta. Ko ni da ban yi lekkol ba na iya wannan lissafin. In aka jira Si Rabah, baƙi za su tarar da murhu a sanyaye.

Ranar Litinin da yamma Shef ya zo ya tsaya kan maigidana.

"Ammi," ya ce, wato baffa da Larabcinsu, "rijiya nawa ka shiga a rayuwarka?"

"Ban ƙirga ba, Shef."

"Kafin a ƙera na'ura, da me kuke gane iska?"

"Da fitila. A zura ta da igiya. In ta mutu, ba a shiga. In ta ci gaba da ci, mutum ma zai yi numfashi."

"Ta taɓa yi maka ƙarya?"

"Ko sau ɗaya."

"To, gobe da safe ka zo da fitilarka."

Da asuba ina zuba masa shayi na ce, "Malam, wannan ramin ba rijiya ba ne."

"Rami rami ne, Rabi. Ƙasa ɗaya Allah ya yi."

"Taɓon nake ji. In an motsa shi yake huci."

"Ke da kazarki," ya ce yana dariya. "Kwana shida murfi a buɗe. In akwai mugun abu, fitila za ta faɗa. In ta ce a'a, ko gwamna ne ya zo ba mai shiga."

Na ce to. A ɗaki na faɗi nawa, kuma a tarbiyyar da aka yi mini, nan maganar mace take ƙarewa.

Mun isa lambu rana ta ɗan ɗaga. Maigidana ya kafa gwafanni biyu a bakin ramin, ya gitta itace, ya rataya kurar jan ruwa, yadda ake yi a rijiya. Igiya ta bi ta kan kurar zuwa jakin Agali. Ni aka ba jan jakin: in an ce ja, in kora shi gaba, abin da ke ƙasa ya hau, in an ce saki, in dawo da shi baya. Maigidana bai yi ganganci ba, wallahi bai yi ba. Ya san iskar ramin tana kamawa da wuta, don haka ya kore mu can bayan katanga, ya ɗaura fitilar a igiya, shi ma ya ja baya, ya riƙa sakinta a hankali daga nesa. Muka jira ƙara. Shiru. Ya bar ta a ƙasa tsawon salla raka'a huɗu, sannan ya matsa ya leƙa.

"Tana ci," ya ce. "Ko rawa ba ta yi. Iska lafiya."

Shef ya tafa hannu ya ce alhamdulillahi. Ni ina riƙe da igiyar wuyan jaki, maganar taɓon tana bakina. Na dubi maigidana. Fuskarsa ta cika da irin natsuwar mutumin da aka tambaye shi abin da ya fi kowa sani. Shekara talatin da ɗaya muna tare ban taɓa gyara masa zance a gaban maza ba, balle a kan sana'ar kakansa, balle a gaban Balaraben da ke biyansa. Na ce a raina bari in ja shi gefe. Kafin in sami hanyar yin haka, har ya fara tuɓe riga.

Agali ya riƙe masa hannu. "Baba, da wannan gwiwar taka? In ka shiga sai mun haɗa da raƙumi kafin mu fito da kai. Ni zan shiga."

"Buzu a cikin taɓo? Kai da ko wanka sai an yi maka alkawari?"

"Yau zan yi na shekara. Inna, ki shaida."

Suka yi dariya, har da Shef. Agali ya jiƙa bakin rawaninsa da ruwa, ya ƙara ɗaure shi a kan hanci, ya ce su mutanen hamada da abin tace iskarsu aka haife su. Maigidana ya ɗaura masa igiya a ƙirji, na dawo da jaki baya a hankali, ya sauka.

Ga yadda ake yasar rijiya a ƙasarmu, kuma ku riƙe wannan da kyau. Igiya ɗaya ce. Ita ke sauke mutum, in ya taka ƙasa ya kwance ta daga jikinsa, a ɗaura mata bokiti, ita ke fitar da taɓo. In ya gama ya sake ɗaurawa a fito da shi. Haka kakanni suka yi, haka maigidana ya yi duk rayuwarsa, kuma a rijiya daidai ne, don mugunyar iskar rijiya tana nan tun kafin ka shiga, fitila tana ganinta. Agali ya kwance igiyar. Kuma al'ada ce na ƙasa ya riƙa magana na sama yana amsawa, don a san yana lafiya.

"Taɓo har gwiwa, Baba. Ga tabarmar Inna nan ta toshe tiyo."

"Sa shebur ka yanko ta."

Na ji ƙarar shebur yana shiga taɓo. Bokiti na farko ya hau, Shef ya juye. Warin ya iso har inda nake, jaki ya yi atishawa yana girgiza kai. Bokiti na biyu ya hau.

"Kai, Baba, me mutanen unguwar nan suka ba ragunansu?"

"Yi aiki, Buzu, bar surutu."

"Ai kai ka ce in yi surutu."

Na kora jaki da bokiti na uku, na dawo da shi kusa da rami, sai na ji muryar Agali ta fito a sake, kamar ta mai jin barci.

"Alhamdulillahi, warin ma ya tafi."

Ban san lokacin da na saki igiyar jakin ba. "Ku fito da shi! Ku fito da shi yanzu!"

Duk suka juyo suna kallona. Ba su taɓa jin na ɗaga murya ba. Igiya kuwa tana sama, ɗaure da bokitin da Shef ke juyewa. Maigidana ya sunkuya a bakin rami.

"Agali. Kama igiya. Agali!"

Abin da ya amsa shi ne ƙarar abu mai nauyi ya faɗa cikin taɓo.

Maigidana ya fizge bokitin daga igiya, ya jefa bakinta cikin rami. Shef ya riƙe shi yana cewa a aika a kira 'yan himaya, masu motar ceto. Daga lambun zuwa inda ake samun tarho tafiya ce mai nisa, kowa ya san haka.

"Ni na ce masa iska lafiya," in ji maigidana. Ya juyo gare ni. "Riƙe jakin nan kada ya motsa. In na ce ja, ki ja, kada ki waiwayo."

Ya juya fuska wajen iska ya ja numfashi sau uku, irin wanda yake ja in zai nutsa ɗauko guga a ƙasan rijiya. Ya kama igiya ya sulale.

Na rungume wuyan jakin. Ina jin nauyin maigidana a jikin dabbar, sai na ji nauyin ya sauka. Na fara ƙirga numfashina. Mutumin nan yana iya riƙe numfashi fiye da duk wanda na sani, amma Agali ya faɗi ne rub da ciki, sai an ɗago shi an juya shi kafin a zagaya igiya a ƙirjinsa, ga taɓo mai santsi, ga duhu. Na kai numfashi ashirin. Na kai talatin. A rijiya, alamar ja ita ce a girgiza igiya sau uku, amma ni ina can wajen jaki, igiya ta yi sako-sako, ba zan ji girgiza ba. Shi ma ya san haka. Sai ya buɗe baki.

"Ja!"

Wanda ya yi ihu dole ya ja iska bayansa. Wannan kalma guda ita ce ya saya da numfashinsa.

Na doki jakin da ban taɓa duka ba. Ya yi gaba, kura tana kuka, na ji Shef yana cewa tsaya, tsaya. Na waiwaya. Shef ya rungumo Agali ta hammata ya jawo shi waje, baƙi ƙirin da taɓo, rawani ya warware, kai yana lilo. Na dawo a guje. Shef yana ta fama da ƙullin, ƙullin mai ginar rijiya, wanda nauyi ke ƙara ɗaure shi, ga shi ya jiƙe. Ya sa haƙori. Ya bar shi ya miƙe ya nufi bakin rami yana tuɓe takalmi.

Na damƙe rigarsa ta baya. "In ka shiga, wa zai fito da ku? Ni da jaki? Tsaya nan!"

Ya tsaya. Na zaro laujen da nake yanka kara da shi, na datse igiyar sama da ƙullin. Na yi mata zarge irin wanda muke kama akuya da shi. Na jawo jakin har gindin gwafa don igiyar ta kai, tunda ta ragu. Na ce wa Shef ya riƙe ni ta ƙugu. Na ja numfashi, na kwanta a bakin rami, na tura kaina ciki.

Da farko ban ga komai ba. Sai na ga furfurar maigidana. Yana zaune cikin taɓo, ya jingina da bango, haɓa a kan ƙirji, kamar mai gyangyaɗi bayan azahar. Na saki zargen, ya sauka a kan gwiwarsa. Bai motsa ba. Na fito da kai na ja iska, na koma.

"Malam! Malam, sa hannu!"

Shiru.

"Maigida! Baban Zuwaira!"

Shiru. Idona ya fara yaji, ƙirjina kamar an ɗora dutse. Tun ranar da aka kai ni ɗakinsa ina yarinya ban taɓa furta sunansa ba, ko a gabansa ko a bayansa. In wani yaro mai irin sunan ya shigo gidanmu, Mai Sunan Malam nake ce masa. Ran nan na buɗe maƙogwaro na kira shi da sunan da aka raɗa masa ranar suna, na kira har sau uku, ramin yana maido mini da shi.

Kansa ya ɗago kaɗan. Hannunsa na dama ya taso daga taɓo a hankali, ya lalubi igiyar, ya tura hannun cikin zargen har kafaɗa, ya sunkuyar da kai ya shigar. Ban jira ba. Na ja jiki baya, na faɗi, na tashi, na kora jakin. Zargen ya kama shi ta wuya ɗaya da hammata ɗaya, kafaɗar ta goce, amma ya fito.

Muka shimfiɗa su a inuwar dabino, nesa da ramin. Agali ya fara amai, ya buɗe idanu jajur yana tambayar rawaninsa. Maigidana yana numfashi, amma da wani kurari kamar ana tafasa ruwa a ƙirjinsa, leɓɓansa sun yi shuɗi. Shef ya kawo motarsa mai buɗaɗɗen baya, muka ɗora su, na zauna na ɗora kansa a cinyata har gidan likita. Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu, ba ni da abin cewa a kansu sai godiya. Suka ce gubar ta ƙona huhu, ruwa yana taruwa a ciki. Agali, da yake ya suma da wuri kuma jikinsa da ƙarfi, an sallame shi bayan kwana huɗu. Maigidana ya cika ranar Alhamis bayan la'asar. Allah ya jiƙansa, ya sa ƙarshen wahalarsa ke nan.

Jandarma sun zo sun yi tambayoyi. Shef Buzid bai ɓoye komai ba, ya ce shi ya ba da umarni, injiniya ya hana. Aikinsa ya tafi a kan haka. Ya zo gaisuwa ya zauna a ƙofar gida yana kuka kamar yaro, har maƙwabta suka riƙa ba shi haƙuri. Ban riƙe shi a zuciya ba. Tsoron kada a rufe wurin da muke ci ne ya tura shi, kuma mu ma muna da wannan tsoron.

Si Rabah ya dawo ina cikin takaba. Agali ne ya ba ni labarin abin da ya yi. Ya tara masu lambu duka, ya zura na'urarsa cikin ramin tare da fitilar maigidana. Na'ura shiru, fitila tana ci. Sai ya sa aka motsa taɓon daga sama da dogon itace. Nan take na'ura ta kama kuka, fitila kuwa tana ci abinta, ko rawa ba ta yi. Daga nan ya zo gidanmu ya tsaya bayan asabari ya yi mini gaisuwa.

"Halti, fitilar mijinki ba ta yi ƙarya ba. Abin da aka tambaye ta shi ta faɗa." Sannan ya ce, "Laifina ne da na gaya miki ke kaɗai, ban tara su na gaya musu ba. Amma ke kin sani. Me ya hana ki faɗa?"

Ya yi sallama ya tafi, ya bar ni da tambayar.

Baƙin sun zo sun tarar da murfi a rufe. Ramin ya yi wata bakwai a haka kafin a sake buɗe shi. Da na fita takaba na koma aiki, don ciki ba ya takaba, kuma na yi shekara tara a wurin. Si Rabah ya kafa doka cewa ba a ɗaga murfin rami sai ina tsaye, kuma in na ce a'a, a'a ce, ko wa ya ce i. Agali bai sake kirana Inna da wasa ba. Duk Sallah sai ya kawo mini cinyar rago, ya ajiye, ya kasa haɗa ido da ni.

Abin da nake so ku ɗauka shi ne wannan. Sharar da kuke yankawa ganye ce da dabino, abin da akuya ke ci, shi ya sa mutum yake raina ta. Amma abin da ke iya dafa tukunya yana iya kashe mai tukunyar. Kada ku shiga rami don an ce ya sha iska. In dole ta sa, injin hura iska yana aiki, na'ura a wuyan mai shiga, igiyarsa a jikinsa ba ya kwance ta ko da minti ɗaya, bokiti da tasa igiyar daban. In wani ya faɗi a ciki, kada ku bi shi, ku ja. Kuma masu wannan aiki, na lura, ba jahilci ke kashe su ba. Maigidana ya fi kowa sanin rami, saninsa na rijiya ne ya kawo wurin da ba rijiya ba. Wanda ya ga abin da babba bai gani ba, ya faɗa a gaban kowa, da ƙarfi, ko mace ce, ko jiya aka ɗauke shi aiki. Kunya abu ce mai kyau, da ita aka raine ni. A bakin rami ku ajiye ta tare da takalmanku.

Ranar Alhamis ɗin, wajen azahar, ya farfaɗo. Ina zaune a ƙasa kusa da gadon, na ga yatsunsa suna motsi, na tashi. Ya nuna abin da aka rufe masa baki da shi, wata ma'aikaciyar jinya ta ɗaga masa kaɗan. Ya tambayi Agali, na ce yana ɗakin gaba yana shan shayi yana zagin abincin likita. Ya lumshe ido, na ga gefen bakinsa ya motsa. Na ce masa ya yafe mini. Ya girgiza kai, ban sani ba ko yana nufin ba komai ne ko yana nufin in yi shiru. Ya daɗe yana tara numfashi, ina jin ruwan nan yana kurari a ƙirjinsa. Sai ya buɗe ido ya dube ni sosai, irin kallon da bai yi mini ba tun muna yara, ya ce:

"Rabi. Ashe kin san sunana."